Kunnen Baba a Suwame

Ranar Talata suka zo Suwame da tsani,
ba na katako ba, na takarda,
matakai a jere, kowanne da lambarsa.
Suka ce daga yau duk wanda ya iya abu
za a nema masa wurin da zai taka.

Baba na ƙarƙashin wata tsohuwar tifa,
tafin ƙafarsa kaɗai ke gaishe da baƙi.

Ni na riƙe biro.
Ni ce Fulera, mai digiri a gidanmu,
shekara huɗu ina hawa mota zuwa jami'a
da kuɗi masu warin baƙin mai.

Fom ya ce: sunan makaranta.
Baba ya ce, rubuta Masta Kwabena Ofori,
rumfa ta uku bayan mai dokunu.
Na ce, Baba, ai wannan mutum ne.
Ya ce, to rubuta an rufe makarantar,
da kafaɗunmu muka kai ta Tafo.

Fom ya ce: tsawon karatu.
Ya ƙirga da yatsu tara da rabi,
rabin fankar injin ta ci tun kafin a haife ni.
Talatin da huɗu.
Akwatin kuwa lamba ɗaya yake ɗauka,
na matse su ciki kamar fasinjan Kejetiya.

Mai jarrabawa Madam Boakyewaa ce,
farar riga, hannu babu tabo.
Ta ta da injin da suka ɓata da gangan,
ta danna agogo.
Baba bai taɓa sifana ba.
Ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfe,
ƙotar a kunnensa,
ya rufe ido kamar mai jiran kiran salla daga wata unguwa.
Ya ce, na uku ne ke tari.
Ta duba takarda, ta gyaɗa kai.
Ya ce, akwai kuma boris a ƙasa,
ba zai ga azumi ba.
Ta ce, abu ɗaya muka ɓata.
Ya ce, wannan ba ku ba ne, tsufa ne.

Aka kwance. Haka ne.

Ta juya fom gaba, ta juya baya,
akwai gurbin hannu, akwai gurbin lissafi,
akwai na sa hular kwano,
babu gurbin kunne.
Ta rubuta wani abu a gefe da ƙananan baƙaƙe,
inda na'ura ba ta karantawa.

Bayan wata biyar takarda ta iso.
Mataki na uku.
Tawa tana can sama, tazarar matakai huɗu.
Ya sa aka yi mata gilashi a Adum,
ya ce yanzu zai nemi gyaran motocin hukuma,
waɗanda shekara da shekaru yake gyarawa
da sunan wani mai hatimi.

Ba na zagin tsanin nan.
Kafin shi, Baba ko a ƙasa ba a ƙirga shi ba.
Sai dai da dare in na dubi bango,
tawa a sama, tasa a ƙasa,
sai in tuna ranar da na ɗauki sukudireban
bayan kowa ya watse.
Na san sunan girgizar, na iya zana ta a allo,
na ci maki a kanta.
Na kara kunne,
ban ji komai ba sai ruwan sama a kan kwano.

Yanzu bayan asuba nakan bi shi rumfa.
Babu rajista, babu lamba.
Yau kwana goma sha ɗaya.
Jiya, a cikin wata tasi mai zuwa Asawase,
na ji wani abu can ƙasa,
kamar ƙwarya ta tsage a gidan maƙwabta.

Ban gaya masa ba tukuna.